Hoton mubaya'ar Gudu da ake yawo da shi, da darasi daga taron Trento 🧵

1/ Na zo hutu gida Jabo, ƙanena ya miƙo min waya: "Yaya, ga hoton ranar da anka yi ma Shehu mubaya'a a Gudu." Rawuna fes, dawakai a jere, haske kamar fim. An tura shi a WhatsApp ya fi a ƙirga. Jama'a, ku biyo ni.

2/ An yi mubaya'ar Gudu a 1804. Shehu Usmanu ya rasu a 1817. Fasahar ɗaukar hoto sai 1839 ta fito fili a Faransa. Ko Clapperton da ya gana da Sarkin Musulmi Bello, a 1824 ya iso Sakkwato. To wa ya ɗauka? Aikin AI ne.

3/ Amma tun kafin AI masu zane ke gyara tarihi. Misali: taron cocin Katolika da aka yi a garin Trento na arewacin Italiya, daga 1545 zuwa 1563, don mayar da martani ga su Martin Luther da suka ɓalle.

4/ Taron bai tafi sumul ba. Bishop kusan 30 kacal suka halarci buɗewa. A 1547 aka kwashe shi zuwa Bologna saboda tsoron annoba. Daga 1552 aka yi shekara goma ba a zauna ba. Kuma babu Paparoman da ya halarta, wakilai suke turawa.

5/ A 1546 ma gardama ta yi zafi har wani bishop mai suna Sanfelice ya cafki gemun ɗan'uwansa bishop ya girgiza shi. Wallahi ba wasa nake ba 😂

6/ Yanzu ku nemo zanen Pasquale Cati na 1588, a bangon cocin Santa Maria in Trastevere da ke Rum. Malaman coci zaune sahu-sahu, tsit, kai ka ce bakinsu ɗaya. A gaba ga wata mace sanye da kambin Paparoma, ita ce alamar coci, bidi'a kuma an kayar da ita ƙasa.

7/ Wa ya sa a yi zanen? Kadinal Altemps, ɗan 'yar'uwar Paparoma Pius na 4, wanda a zamaninsa aka rufe taron. Kun ga ai ba za a zana jan gemu ba.

8/ Ɗaya sanannen zanen na Elia Naurizio ne, 1633. Shi a 1589 aka haife shi, shekara 26 bayan an watse. Bai ga komai da idonsa ba. Zanen da aka sassaƙa a farantin ƙarfe ana bugawa a takarda shi ne ya yaɗa siffar taron, masu zuwa baya suka riƙa ɗorawa a kai.

9/ Mu dawo gida. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Zanen Kano daga kan Dala da ke littafinsa na 1857, wani Bajamushe, Bernatz, ya ƙawata shi daga zanen hannun Barth. Bernatz bai yi tafiyar ba.

10/ Ba ina cewa a watsar da su ba. Zanen Cati hujja ce mai ƙarfi, amma ta yadda coci ke son a tuna taron a 1588. Na Barth kuwa aƙalla akwai wanda ya hau Dala ya duba.

11/ Na Gudu fa? Babu idon kowa a bayansa. Haɗarin shi ne yaran da ke tasowa su riƙe fuskar da na'ura ta ƙago a matsayin ta Shehu, su bar Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi, waɗanda da su aka yi abin.

12/ Kafin ka tura, tambayi uku: wa ya zana, yaushe, wa ya biya? Ƙanena dai ya goge nashi. Saura ku.