Daga SECAM zuwa HDR: faɗan manyan kamfanoni da aljihun mai sayen tele a Azagor



Makon jiya wani saurayi ya kira mu bayan an tashi daga shiri. Raguna biyu ya sayar, ya tahi Maraɗi sayen tele don ya buɗe gidan kallon ƙwallo. A butik aka nuna mishi guda biyu, girmansu ɗaya. Kwalin ta farko an rubuta HDR10+, ta biyu Dolby Vision, mai butik ya ce ita sai an ƙara kuɗi. Yaron ya dawo da kuɗinshi a aljihu, don tsoron kar ya ɗauko wadda za a daina yayinta. Ya ce mana: "Malam, wacce ce ta gaskiya?" To, ba yau aka fara wannan faɗan ba, iyayenmu ma sun taɓa biyan kuɗinshi.

Tele ta shigo Nijar ta ƙofar lakkol ne, a 1964, zamanin Diori Hamani, inda ake koya wa yara karatu ta akwati. Télé Sahel kuwa sai ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, lokacin da aka riƙa kai akwatunan kallo na jama'a garuruwa, wasu da hasken rana suke aiki. Maƙwabtanmu sun riga mu: Ibadan ta buɗe tasharta a 1959, Kaduna a 1962.

Da aka zo maganar hoto mai kala, sai Turai ta rabu biyu. Faransa ta tsaya kan SECAM, ƙirar injiniya Henri de France. Jamus ta Yamma da Ingila suka ɗauki PAL, ƙirar Walter Bruch na kamfanin Telefunken. Duka biyun a 1967 aka fara watsa shirye-shirye da su. Nijar ta bi Faransa, Najeriya ta bi PAL. Kenan iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ta raba har da kalar hoto.

Wanda ya girma a jihar Maraɗi ya san abin da wannan ya haifar. Kaya sun fi araha a Katsina da Sabon Garin Kano. Mutum zai sayo tele mai kala, ya sha wahalar hanya da ita, ya kunna Télé Sahel, sai ga hoto baƙi da fari, wani sa'in ma sauti ya ƙi fitowa, sai shuuu. Wanda ya samo tashi daga Faransa, shi kuma in ya sa kaset ɗin fim ɗin Kano, kala ta ɓace. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1990 mun gani da idonmu. A kasuwa ba SECAM ta ci ba, ba PAL ta ci ba. Akwatin da ke karɓar duka biyun, wanda ake rubuta wa PAL/SECAM a jiki, shi mutane suka koma nema.

Kaset ɗin ma sai da aka yi yaƙi a kanshi. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta fito da VHS a 1976. VHS ta yi rinjaye har Sony da kanta ta fara ƙera ta a 1988, kuma a kanta finafinan Kano suka tashi, tun daga Turmin Danya na 1990. Haka aka sake yi tsakanin Blu-ray da HD DVD, har kamfanin Toshiba ya janye a Fabrairun 2008. Wanda ya sayi na'urar da ta faɗi, galibi ba wanda ya mayar mishi da kuɗinshi.

Sai kuma TNT. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin ranar barin tsohon tsari, ko da yake ƙasashe da dama ba su cika wa'adin ba. Afirka ta Yamma ta zaɓi DVB-T2. Tele ƴar gwanjo daga Turai mai tsohon DVB-T ba ta kama shi, sai an haɗa mata dekodar.

To, mene ne HDR ɗin? Ku zauna cikin bukka da tsakar rana ku dubi ƙofa. Idonku na ganin tabarmar ciki, yana kuma ganin shanun da ke waje cikin rana. Tsohuwar tele ba ta iya haɗa biyun: ko ciki ya yi baƙi ƙirin, ko waje ya yi fari fat. HDR ƙoƙari ne na faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu. Dolby Vision ya bayyana a 2014, kamfani sai ya biya lasisi kafin ya sa shi. HDR10 ya zo a 2015, kyauta ne, amma awon haske ɗaya yake yi wa fim gaba ɗaya. Samsung da Amazon suka kawo HDR10+ a 2017, mai canza awo daga fage zuwa fage kamar Dolby Vision. Akwai kuma HLG na BBC da NHK ta Japan, wanda aka yi don shirin kai tsaye, har BBC ta gwada shi a Kofin Duniya na 2018.

Samsung ba ta sa Dolby Vision a telenta, amma tun 2006 ita ke kan gaba a duniya wajen sayar da tele. Hisense da TCL kuwa sun bi hanyar PAL/SECAM, da yawa daga cikin nasu suna karɓar duka biyun. Faɗan nan bai kai na da zafi ba, don galibi in tele ba ta gane Dolby Vision ko HDR10+ ba, sai ta koma HDR10, hoto ya fito da kalarshi. Abin da yake yi wa ciniki shi ne ya rikita mai saye, ya ba mai butik dalilin ƙara farashi.

Ga abin da muka ce wa ƙanenmu. HDR sai an aiko shi sannan a gan shi, kuma galibin tashoshin da ke zuwa mana ta parabol ba sa aiko shi, haka ma finafinan da ake tura mana a kart memwar. Sannan yana son allo mai haske sosai, haske kuwa wuta yake ci. Ƙaramar tele mai araha na iya ɗauke da tambarin HDR a kwali alhali allonta bai kai ya nuna shi ba. Mai pano ɗaya da batir ɗaya ya juya bayan akwati ya karanta wat nawa take ja, ya tambaya ko tana aiki da bolt 12. Ya duba ko akwai DVB-T2 da ramin HDMI da na USB. Ya sa a kunna mishi tasha ta gaskiya a butik, ba bidiyon talla da ke cikinta ba. Ya kuma tambaya ko akwai mai gyaranta a Dakoro.

Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma a Azagor nagari ita ce wadda za ta kai ƙarshen wasa batir bai mutu ba. Dattawan da suka sha wahalar PAL da SECAM, ku kira mu a shirin gobe da dare ku ba yara labari. Allah ya sa albarka a nema.