Malam Pestalozzi da Yaran Garin Stans

A tsakiyar Turai akwai wata 'yar ƙasa mai yawan duwatsu da tafkuna, ana ce da ita Suwizalan. Cikin shekarar 1798 sojan Faransa suka shige ta, suka rushe tsohon tsarin mulki, suka kafa sabuwar gwamnati, aka ce kowa ya yi mata rantsuwar biyayya. Mutanen wani ɗan lardi mai suna Nidwalden, waɗanda galibinsu makiyaya ne masu riƙon addini, suka ce faufau. Ran 9 ga watan Satumba Faransawa suka auka musu. A wannan yini aka kashe mutum fiye da 400, har da mata da ƙananan yara, aka ƙone gidaje masu yawa. Da ƙura ta lafa, sai ga yara birjik a Stans, babban garin lardin, ba ci ba sutura, ga damina ta wuce, sanyin ƙanƙara na tafe.

Gwamnati ta nemi wanda zai riƙe su, sai wani mutumin Zurik, Johann Heinrich Pestalozzi, ya amsa. An haife shi a 1746, watau ya ba hamsin baya. Ya taɓa buɗe wa 'ya'yan talakawa makaranta a gonarsa, ta cinye dukiyarsa ta mutu, har jama'a na yi masa kallon wanda ba ya iya riƙe ko da kansa. Aka ba shi wani sashe na gidan mata masu zaman ibada, ba a ma gama gyara shi ba. Ran 14 ga Janairu 1799 yara suka fara shiga, kafin bazara sun kai wajen 80. Mataimaki kuwa ba shi da kowa sai mace guda mai aikin gida.

Shi da kansa ya bayyana halin da suka zo ciki, a wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa. Ga ƙazuwa, ga ƙwarƙwata, ga tsumma, waɗansu sun rame sai ƙashi. Amma ciwon da ya fi ba shi wuya ba a fata yake ba. Akwai waɗanda tsoro ya cika musu ido, ba su yarda da kowa. Akwai waɗanda bara ta koya musu ƙarya da rashin kunya. Akwai 'ya'yan masu hali da suka wayi gari ba kome, suna ƙyamar zama da 'ya'yan mabarata. Likitocin yanzu sun san wannan ciwo sarai: yaron da ya ga kisa yakan riƙa mugun mafarki, ya firgita da ƙaramin motsi, ya kasa tsai da hankali a kan allo, malami ya ɗauka daƙiƙi ne ko mai taurin kai, ya sa bulala, abin ya ƙara lalacewa. Sai a 1980 ne ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ta sa shi cikin littafinta na cututtuka da suna nasa. A zamanin Pestalozzi ko sunan babu.

To, sai ya ajiye maganar karatu tukuna. Ya ga ba a shuka a kan fako. Ya wanke su da hannunsa, ya ɗaure musu gyambo, abin da suka ci shi ya ci, inda suka kwanta nan ya kwanta, shi ne ƙarshen barci shi ne farkon tashi. Sa'ad da suka tabbata wannan tsoho ba zai tafi ya bar su ba, sa'an nan ya shigo da baƙaƙe da lissafi. Yakan sa su yi tsit na ɗan lokaci kafin darasi, don zukata su natsu. Da yake malami ɗaya ne, sai ya sa wanda ya gane ya zauna tsakanin ƙanana biyu ya koya musu. A ganina wannan dabara ta fi ƙarfin maganin ƙarancin malamai, gama yaron da aka ba amanar wani ya daina ganin kansa abin tausayi. Ba a ce bai taɓa marin yaro ba, ya yi, ya kuwa faɗa da bakinsa.

Cikin Afrilu gobara ta cinye garin Altdorf da ke kusa. Ya tara yaran ya tambaye su ko a ɗauko ashirin daga yaran can, ya kuma gargaɗe su cewa abinci zai ragu, aiki zai ƙaru. Suka ce a ɗauko.

Mutanen gari fa ba su gode masa ba. Su Katolika ne, shi Furotesta, kuma gwamnatin da ta jawo musu Faransawa ita ta aiko shi. Da zazzaɓi ya kama yara, aka ce kunun da yake ba su ne. Waɗansu iyaye, don ba dukan yaran ne marayu ba, sukan jira sai an yi wa ɗansu sabuwar riga, su zo su janye shi ya koma bara.

Ran nan cikin Yuni 1799 yaƙi ya komo, Faransawa suna ja da baya gaban sojan Ostiriya, suka ce suna son gidan su yi asibiti. Aka sallami yawancin yaran. Pestalozzi ya fita yana tarin jini, ya hau duwatsun Gurnigel jinya. Duka aikin bai cika wata biyar ba. Daga baya ya buɗe makarantu a Burgdorf da Yverdon, malamai suka riƙa zuwa daga ƙasashe don su ga hanyarsa, ya rasu a 1827.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da marayu suka sake cika Turai, mutanen Suwizalan suka gina musu ƙauye a Trogen cikin 1946, suka sa masa sunan Pestalozzi. Yaran kowace ƙasa aka ba su gida nasu, da masu riƙo daga ƙasarsu, da safe a koya musu karatu da harshen iyayensu, da yamma su haɗu da yaran sauran gidajen.