Taƙaitaccen Tarihin Dillalin Na'ura a Kasuwar Intanet

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka koya wa kwamfuta yin ciniki a madadin mutum, wato ta taya, ta rage, ta sallama, kamar yadda dillali yake yi.

Al'amarin ya samo asali ne daga lissafi. A shekarar 1950 John Nash, wani masanin lissafi ɗan Amurka, ya nuna yadda za a ƙididdige rabon da ya dace tsakanin mutum biyu masu ciniki. A 1980 kuma Reid Smith ya fito da tsarin da kwamfuta ɗaya za ta yi shelar aiki, sauran su taya, ita kuma ta ba wadda tayinta ya fi.

Da intanet ta bunƙasa, sai Anthony Chavez da Pattie Maes na jami'ar MIT suka kafa wata kasuwar gwaji mai suna Kasbah a 1996. A nan mai kaya yakan gaya wa dillalinsa na na'ura abu uku: farashin da yake so, mafi ƙarancin abin da zai sallama, da ranar da wa'adi zai cika. Sannan ya zaɓa masa hali, ko mai gaggawar ragi, ko matsakaici, ko kuwa mai riƙe farashi sai wa'adi ya ƙarato. A 2001 masu bincike na kamfanin IBM suka haɗa irin waɗannan dillalai da mutane a gwajin gwanjo, na'ura ta fi mutane cin riba.

Sai dai ƙwarewa ba ta hana ɓarna ba. A 2011 wasu 'yan kasuwa biyu a Amazon suka bar na'urorinsu suna gyara farashi, kowace tana duban na ɗayar, har kuɗin wani littafi a kan ƙuda ya haura dala miliyan 23. A 2017 masu bincike na Facebook suka lura dillalansu sun koyi nuna sha'awar kayan da ba sa buƙata, don su sakar wa abokin ciniki shi daga baya, ya ɗauka an yi masa rangwame.

Daga wannan tarihi za a fahimci cewa koya wa na'ura lissafi ya fi koya mata amana sauƙi. Saboda haka wajibi ne duk mai ƙera dillalin na'ura ya sa masa iyakar farashi da ka'idar gaskiya tun farko, domin in ciniki ya ɓaci, wanda ya aiko dillali za a nema.