Yadda ake zaɓe a ƙungiyar masu gidajen bene ɗaya a Faransa

A Faransa, wanda ya sayi ɓangare ɗaya a cikin babban bene ya zama ɗan ƙungiyar masu ginin, ko ya so ko bai so ba. Dokar 10 ga Yuli 1965 ce ta tsara hakan, tare da dokar aiwatarwa ta 17 ga Maris 1967. Ƴan Nijar da suka mallaki gida a can, ko suka gaje shi, duk tana kansu.

Ana kiran babban taro aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma dole takardar gayyata ta isa kwana 21 kafin ranar. Abin da ba ya cikin jerin batutuwan da aka aiko, ba a yanke shawara a kansa. A wannan taro ake zaɓen sindik, wato mai kula da ginin da kuɗinsa, da kuma kwamitin masu gida da ke sa masa ido. Wa'adin kowanensu ba ya wuce shekara 3, amma ana iya sabuntawa.

Ba da yawan kawuna ake ƙirga ƙuri'a ba. Kowane gida yana da kasonsa na ginin, galibi a cikin 1000, kuma nauyin ƙuri'ar mutum daidai yake da kasonsa. Mai kaso 80 ya ninka mai kaso 40. Sai dai idan mutum ɗaya ya mallaki fiye da rabi, ana rage ƙuri'unsa su yi daidai da jimillar na sauran, don kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Ɗan haya ba shi da ƙuri'a, sai in an wakilta shi.

Rinjayen da ake buƙata ya danganta da batun. Ƙananan al'amura, kamar amincewa da kasafin shekara, suna ƙarƙashin sashe na 24: rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa ya isa. Zaɓen sindik da na kwamiti, da tsige su, suna ƙarƙashin sashe na 25, wanda ke neman rinjayen ƙuri'un dukan masu ginin, har da waɗanda ba su zo ba. Manyan shawarwari na sashe na 26 kuwa sai da rinjayen mutanen, kuma su riƙe aƙalla biyu bisa uku na ƙuri'u.

A nan rashin zuwa yake cutarwa. A ce masu kaso 600 cikin 1000 ne suka halarta, ɗan takara ya samu 400. Bai ci ba, don ana neman 501. Amma tunda ya kai ɗaya bisa uku, doka ta ba da damar sake kaɗa ƙuri'a nan take da rinjayen sashe na 24. Ta haka masu kaso 400 ke iya naɗa wanda zai riƙe kuɗin kowa.

Wanda ke nesa yana da hanyoyi uku. Zai iya wakilta wani a rubuce, ko da ba mai gida ba ne, ban da sindik da matarsa ko mijinta da ma'aikatansa. Wakili ba ya karɓar wakilci fiye da uku, sai idan jimillar ƙuri'un da ke hannunsa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Zai iya kuma cika takardar zaɓe ya aika, ta isa ga sindik aƙalla cikakkun kwana 3 kafin taro. Dokar ELAN ta 2018 ce ta buɗe wannan hanya, ita da shiga taro ta bidiyo inda ƙungiyar ta tanadi hakan.

Bayan taro, sindik na da wata ɗaya ya aika rahoton zaman ga waɗanda suka ƙi amincewa da waɗanda ba su halarta ba. Su kaɗai ke da ikon kai ƙara kotu, cikin wata 2 daga ranar da rahoton ya iso. In wa'adin ya wuce, shawarar ta zauna, kuma kowa zai biya rabonsa na kuɗin da ta jawo. Saboda haka mai gida da ke zaune a Yamai ko Maradi ya tabbata sindik yana da adireshinsa na yanzu.