Ƙararrawar Tsaro ta Zamani a Ƙasar Gobir: Nazari kan Abin da Ya Kamata Magidancin Tozai Ya Duba

Na'urorin ƙararrawar tsaron gida sun cika shagunan kayan lantarki a manyan biranenmu, kuma masu sayar da su na tallata su da abubuwan burgewa: daga wayarka za ka kunna fitilar tsakar gida, ka kulle ƙofa, ka ga wanda ke tsaye a bakin zaure ko da kana wata ƙasa. Ba abin mamaki ba ne idan ɗan Isa ko ɗan Sabon Birni da ke neman abinci a Kano ko Abuja ya ga irin wannan na'ura, zuciyarsa ta tafi ga tsofaffinsa da ke kwana cikin fargaba a gida. Abin da wannan nazari ke bi shi ne ko na'urar za ta yi aikin da ake fata a gari kamar Tozai, da kuma ma'aunin da ya dace a zaɓe ta da shi. Matsayina shi ne, a wannan yanki darajar ƙararrawa ba ta cikin yawan abubuwan da take sarrafawa. Tana cikin mintocin da take ba mutane kafin haɗari ya iso, da kuma wanda zai ji ta ya amsa.

Tsarin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Akwai akwatin sarrafawa, wanda shi ne uwar na'ura. Akwai ƙananan na'urori masu kai masa labari: wadda ake maƙalawa a ƙofa ko taga, mai aiki da maganaɗisu, da zarar an buɗe sai ta sanar, da mai jin motsi, wadda ke gane ɗumin jikin abin da ya gifta a gabanta, yawanci a tazarar mita 10 zuwa 12. Akwai jiniya, akwai batirin ko-ta-kwana, sannan akwai hanyar aika saƙo waje, ko ta layin waya ko ta intanet. Abin da ake kira sarrafa gida ƙari ne a kan wannan, wato akwatin ya iya ba fitila da makulli da kyamara umarni ta hanyoyin sadarwa na gajeren zango irin su Zigbee da Z-Wave.

An ƙirƙiro na'urar ne domin wata irin rayuwa. A 1853 Augustus Russell Pope ya yi rajistar ƙararrawar ɓarayi mai aiki da lantarki a Amurka, Edwin Holmes ya sayi haƙƙinta a 1857, ya fara sana'ar a Boston kafin ya koma New York. Daga baya aka riƙa haɗa gidaje da wata cibiya da ke sauraren ƙararrawar dare da rana, ta tura masu gadi ko ta kira 'yan sanda. Tun daga wancan zamani zuwa yau, sana'ar na tsaye kan zato uku: ɓarawo kaya yake nema kuma ya fi son gidan da babu kowa, yana tsoron ƙara, kuma akwai wanda zai iso cikin ɗan lokaci idan an kira.

Babu ko ɗaya cikin ukun da ya dace da Tozai. Tozai mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, wadda ke maƙwabtaka da Sabon Birni da kuma Shinkafi ta Jihar Zamfara, yankin da sunan ɗan bindiga Bello Turji ya zama abin ambato a kowace hira. Masu kawo hari a nan ba sanɗa suke yi ba. A kan babura suke zuwa, da yawa, da bindigogi, kuma mutane da dabbobi suke nema, don haka gidan da ke da mutane shi ne abin nufinsu. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disamba na 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, a watan Agusta labarin kisansa ya fito. Dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Wanda ya iya aikata waɗannan, kukan jiniya a katangar gida ɗaya ba zai mayar da shi baya ba.

Lissafi kaɗan zai nuna girman matsalar. Babur da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Na'urar jin motsi da aka kafa a ƙofar gida, ke nan, gargaɗin daƙiƙa ɗaya za ta bayar. Amma manomi ko mai kiwo da ya hango ayarin daga nisan kilomita 5 ya buga waya, ya ba gari minti bakwai da rabi. A cikin minti bakwai mace na iya goya jaririnta, a tashi yara, a kama hannun tsoho, a bi hanyar da aka riga aka shirya. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: shin ana iya tayar da wannan akwati daga nesa, da kiran waya ko gajeren saƙo ko maɓallin hannu, ba tare da an jira wani ya taɓa ƙofa ba? Akwatin da ba ya haka na maganin ɓarawon akuya ne da mai fasa shago. Wannan ma amfani ne, ban raina shi ba, sai dai kada a saye shi da sunan wani abu.

Sai batun sabis, wanda mutanen yankin sun ɗanɗana da kansu. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan waya a Zamfara, an rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. An yi hakan ne don a katse sadarwar 'yan bindiga, amma talaka ma ya rasa hanyar da zai ce wa maƙwabcin gari ga su nan tafe, yayin da waɗanda ke kusa da iyaka ke laluben layukan Nijar. Darasin ga mai zaɓen na'ura a fili yake. Da yawa daga cikin akwatunan zamani, musamman masu araha da ake sarrafawa da manhajar waya, ba sa yanke hukunci da kansu. Sai sun aika labari ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata nahiya, umarni ya dawo, sannan fitila ta kama ko saƙo ya fita. Ranar da sabis ya ɗauke, ƙwaƙwalwarsu ta tafi da shi. Akwatin da ya dace da ƙasar Gobir shi ne wanda ke ajiye ƙa'idojinsa a cikinsa, jiniyarsa ta yi kuka ko babu intanet, yana aika gajeren saƙo da kira ta layin waya na gama-gari, wanda ya fi data juriya inda sabis ke da rauni, kuma yana ɗaukar sim biyu na kamfanoni daban-daban. A kuma tuna cewa layin da aka bari ba a amfani da shi tsawon watanni ana iya rufe shi, don haka dole a sami wanda zai riƙa sa masa kuɗi yana gwada shi.

Wuta ma haka. Batirin da aka saba sa wa irin waɗannan akwatuna na dalma ne mai bolt 12, yana ɗaukar abin da bai wuce wat 84 na awa ɗaya ba. Akwatin da ke cin wat 5 zai kai wajen awa 16 a lissafin takarda, a aikace ƙasa da haka. Idan aka jingina masa kyamarori da na'urar naɗar hoto har cin wutar ya kai wat 30, bai cika awa uku ba. An tsara wannan batir ne don ya cike giɓin ɗaukewar wuta na ɗan lokaci, ba don garin da sola ce wutarsa ba. Ga kuma zafi: batirin dalma yana rasa kusan rabin tsawon rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin da yake ya ƙaru da digiri 10 sama da 25, alhali a bazarar Sakkwato zafi na haura digiri 40. Batirin litiyam ya fi juriya, ko da ya fi tsada. Kowane abin burgewa da aka ƙara wa na'ura, daga awannin tsakar dare ake cire kuɗinsa.

Na'urar jin motsi kuwa tana da nata rauni a gidan Bahaushe. Bambancin ɗumin jiki da na wurin da ke kewaye take karantawa, saboda haka a daren bazara, lokacin da katanga ke fitar da zafin da ta sha da rana, ganinta na raguwa. Ƙurar hunturu na dushe idonta. Sannan tsakar gidanmu ba falon da ake kullewa a fita ba ne. Akwai tumaki a turke, kaji, yaro mai fita fitsari, dattijo mai tashi alwala. Ko a Amurka, binciken da aka yi ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na kiran ƙararrawar ɓarayi na ƙarya ne, har birnin Salt Lake ya yanke a 2000 cewa jami'ansa ba za su fita ba sai an tabbatar da kiran. A can asarar ta lokaci ce da mai. A Tozai ƙararrawar ƙarya na nufin mata masu ciki da tsofaffi su kwana a gona a banza, kuma in ta maimaita haka sau da yawa, ranar gaskiya ba wanda zai motsa. Saboda haka na fi amincewa da na'urar maganaɗisu a ƙofar garke da ta rumbu da ta shago, da maɓallin da mutum mai hankali zai danna, fiye da na'urar da ke hukunci da ɗumin jiki.

Ɓangaren sarrafa gida shi ne ya fi buƙatar a yi masa kallon tsanaki, domin abin da ke kariya a birni na iya zama tallan kai a ƙauye. Fitilar da ke kamawa da kanta idan an yi motsi tana korar ɓarawo, amma tana nuna wa mai bindiga gidan da zai nufa, tana kuma haska masu gudu. Abin da ya fi amfani a nan shi ne akasin haka: maɓalli ɗaya da zai kashe duk fitilun gida nan take. Makullin lantarki a ƙofar da iyali za su bi su tsira haɗari ne, domin batir na iya mutuwa, yaro ko tsohuwa na iya kasa buɗewa cikin ruɗewa. Sakata ta fi shi. Kyamara a saman katanga, da faifan sola mai ƙyalli, shela ce cewa gidan nan akwai mai turo kuɗi daga birni, a yankin da kowa ke kukan infoma kuma ake yanka kuɗin fansa gwargwadon abin da aka ji mutum na da shi. Wayar da ke ɗauke da manhajar gida, idan ta faɗa hannun waɗanda suka tare hanya, ta ba su hoton tsakar gidan da lambobin mutanen da ake kira. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ɗan da ya sayi kayan da niyyar jinƙan iyayensa ba zai taɓa kawo wa ransa cewa ya sa musu alama ba.

Daga nan nazarin ke fita daga gida ɗaya ya koma ga gari. Gobirawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Alkalawa, babban birninsu da ya faɗi a 1808, wanda kufansa ke ƙasar Sabon Birni, da ganuwa aka kewaye shi, kuma a ƙasar Hausa an san kiɗan gangi da kuwwa, waɗanda kowa ya san ma'anarsu da abin da zai yi in ya ji. Gari ake karewa, gida ya tsira a cikinsa. Akwatin ƙararrawa guda, da aka ajiye a wurin da jama'a suka yarda da shi, aka haɗa shi da jiniya mai ƙarfi ko lasifika, aka ba mutane amintattu a ɓangarorin gari da ƙauyukan kewaye ikon tayar da shi, zai fi akwatuna ashirin a gidaje ashirin amfani, kuma bai ware gidan kowa a matsayin na mai kuɗi ba. Inda sabis ba shi da tabbas, oba-oba na iya cike giɓin, in an samu iznin hukuma da sanin jami'an tsaro, domin riƙe ta ba tare da haka ba na iya jawo wa mutum zargi.

Ko wannan ma yana da sharuɗɗan da ba na lantarki ba. Dole a yi ittifaƙi kan ma'anar ƙara: wace ce ta gudu, wace ce ta gobara, wace ce ta cewa ƙura ta lafa. Dole a san waye ke riƙe da maɓalli, domin in ya shiga hannun maci amana, da shi za a kora mutane zuwa inda aka yi musu kwanto. Akwai kuma garuruwan da aka ɗora wa haraji, waɗanda ke zaune bisa wani lallami mai rauni, inda kafa jiniya a fili zai iya zama tsokana. A irin su saƙon shiru da ke shiga wayoyi da yawa lokaci guda ya fi dacewa. Mutanen gari ne kaɗai suka san wanne ya fi musu, kuma bai kamata mai sayarwa ko ɗan birni ya yanke musu ba.

Zato na uku, wato mai amsa kira, shi ne wanda babu shagon da ke sayar da shi. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Akwai rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmad Aliyu ta Jihar Sakkwato ta ƙaddamar a 2024, bayan gwamnatin da ta gabata ta haramta 'yan sa-kai a 2021. Akwai sojoji da 'yan sanda a yankin. Abin da ya rage shi ne a ɗaure waɗannan da gargaɗin da ke fitowa daga ƙauye: lamba sananniya a Isa da Sabon Birni, wadda ake ɗauka dare da rana, da mutanen da aikinsu shi ne su tashi idan ta yi ƙara. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da hakimai, da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin mazauna birane, su haɗa kuɗin da ake kashewa gida-gida su kafa ƙararrawar gari mai aiki da sola, wadda ba ta dogara da intanet ba, su kuma zauna da jami'an tsaro a rubuta sunan ofishin da zai amsa ta tun kafin a kafa ta.