Haɗa kwamfutar tebur a gida: Yadda ake zaɓen kayan da suka dace da juna

Kwamfutar tebur ta yau da kullum an haɗa ta ne da manyan sassa bakwai zuwa takwas waɗanda kamfanoni daban-daban ke ƙerawa, kuma mutum zai iya sayen su ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da hannunsa.

Aikin harhaɗawar ba ya buƙatar wani kayan aiki da ya wuce sukundireba da natsuwa. Inda akasarin masu farawa ke yin asara shi ne wajen saye, domin sassa biyu masu kyau da tsada suna iya ƙin shiga juna, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne ke karɓar kayan da aka riga aka ɓare kwalinsa ba.

Saboda haka ana yin zaɓin ne bi da bi, ta yadda kowane sashe da aka tsayar zai nuna wanda zai biyo bayansa.

Asalin tsarin

Wannan dama ta samo asali ne daga shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta amfanin mutum ɗaya, wadda ya haɗa da kayan wasu kamfanoni, ya kuma wallafa bayanan yadda aka tsara ta. Hakan ya ba wasu damar ƙera irinta da kuma sassanta.

A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allon kwamfuta, da wuraren ɗaure shi, da yadda wuta ke shiga cikinsa. Har yanzu a kan wannan ma'auni ake ƙera yawancin kayan da ake sayarwa ɗaiɗai.

Wane aiki za ta yi?

Kafin a shiga kasuwa, ya kamata mutum ya tsayar da aikin da yake so kwamfutar ta yi masa da kuma kuɗin da zai iya kashewa.

Kwamfutar rubuce-rubuce da lissafin ofis da shiga intanet ba ta buƙatar katin hoto na daban, wanda sau da yawa shi ne sashe mafi tsada. Amma mai tace bidiyo, ko mai zanen gine-gine, ko mai buga wasannin kwamfuta na zamani, da wuya ya yi aiki ba tare da shi ba.

A cikin kasafin kuma a ware kuɗin monita, da kibod, da linzami, da manhajar tafiyar da kwamfutar, da na'urar kare ta daga matsalar wuta. Waɗannan su ne abubuwan da aka fi mantawa da su har sai kuɗi ya ƙare.

Firosesa da mazauninta

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi, kuma da ita ake fara zaɓe. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa, wato Intel da AMD.

Kowace firosesa tana zama ne a cikin wani gurbi da ake kira soket a kan babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod. Firosesar Intel ba ta shiga soket ɗin AMD, kuma ko a cikin kamfani ɗaya soket yana sauyawa bayan 'yan shekaru.

A ɓangaren AMD, akwai soket na AM4 da ya fito a 2016, wanda ke ɗaukar firosesocin Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000, sai kuma AM5 da ya fito a 2022, mai ɗaukar jerin 7000 da 8000 da 9000.

A ɓangaren Intel, soket na LGA 1700 da ya fito a 2021 shi ne na firosesocin Core zubi na 12 da na 13 da na 14, yayin da LGA 1851 na shekarar 2024 ke ɗaukar jerin Core Ultra 200S. Girman waɗannan biyu kusan ɗaya ne a ido, amma firosesar ɗaya ba ta aiki a ɗayan.

Haruffan da ke ƙarshen suna ma suna da ma'ana. Firosesar Intel da sunanta ya ƙare da F ba ta da sashen fitar da hoto, don haka idan babu katin hoto, monita ba za ta nuna komai ba. A soket na AM4 kuwa, yawanci firosesocin da ke da harafin G ne kaɗai ke iya fitar da hoto da kansu.

Babban allo

Dacewar soket ba ta wadatar ba ita kaɗai. Kowane babban allo yana da wata ƙaramar manhaja a cikinsa mai suna BIOS, wadda ita ce ke gane firosesar da aka saka. Allon da aka ƙera kafin fitowar wata firosesa yana iya ƙin tashi da ita har sai an sabunta wannan manhaja.

Misali, allon AM4 mai lamba B450 da ya daɗe a shago yana iya buƙatar sabuntawa kafin ya karɓi Ryzen 5000. Wasu alluna suna da maɓallin da ke ba da damar yin sabuntawar da filas ba tare da an saka firosesa ba. Kamfanonin da ke ƙera alluna, irin su Asus da MSI da Gigabyte da ASRock, suna wallafa jerin firosesocin da kowane allo ke karɓa a shafukansu na intanet, kuma duba wannan jeri ya fi dogaro da maganar mai shago.

Allunan da aka fi samu iri uku ne ta fuskar girma: ATX mai milimita 305 da 244, da microATX mai 244 da 244, da Mini-ITX mai 170 da 170. Ƙaramin allo yana zama a babban akwati, amma babba ba ya shiga ƙarami.

Ma'ajiyar wucin-gadi

Sashe na gaba shi ne RAM, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa a wannan lokaci. Nau'o'i biyu ne ake yayi, DDR4 da DDR5.

Dukkansu suna da ƙafafu 288, sai dai tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗayan, kuma tura shi da ƙarfi lalata allo ne.

AM4 na aiki da DDR4 kaɗai, AM5 da LGA 1851 kuma DDR5 kaɗai. Inda ake yawan ruɗewa shi ne LGA 1700, domin akwai allunansa na DDR4, akwai kuma na DDR5, kuma dole a karanta kwalin allon kafin a sayi RAM. Haka kuma gajeren RAM na kwamfutar tafi-da-gidanka ba ya shiga allon kwamfutar tebur na yau da kullum.

Gigabait 16 ya isa yawancin ayyuka, yayin da masu tace bidiyo suka fi son 32 ko fiye. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, saboda allon yana karanta su ta hanyoyi biyu a lokaci guda. A allo mai ramuka huɗu, littafin da ke zuwa da shi yana nuna waɗanda za a fara cikawa, galibi na biyu da na huɗu daga gefen firosesa.

Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sakamakon yawan sayen da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi, don haka a tantance farashinsa kafin a kammala kasafi.

Wurin adana bayanai

Tsohon faifai mai juyawa ya fi arha ga mai son tara manyan fayiloli, amma manhajar tafiyar da kwamfuta ta fi kyau a kan SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi a cikinsa.

SSD mai amfani da wayar SATA yana tsayawa ne a kusan megabait 550 a daƙiƙa. Nau'in NVMe, wanda ake maƙalawa kai tsaye a gurbin M.2 na allo, yana kaiwa kusan 3,500 a kan PCIe 3.0, ko kusan 7,000 a kan PCIe 4.0.

Lambar 2280 da ake gani a jikinsa na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. A lura cewa akwai SSD mai siffar M.2 da ke aiki da tsarin SATA, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓarsa ba.

Katin hoto da akwati

Katunan hoto, waɗanda Nvidia da AMD da Intel ke ƙera ƙwaƙwalwarsu, suna shiga dogon ramin PCIe, kuma sabon kati yana aiki a tsohon rami, ko da yake wani lokaci saurinsa kan ragu.

Matsalar da aka fi samu ita ce ta tsawo. Wasu katunan sun haura santimita 30, kuma kowane akwati yana da iyakar tsawon katin da yake ɗauka da iyakar tsayin fankar sanyaya firosesa. Duka biyun ana rubuta su a bayanan akwatin.

Ita ma fankar firosesa dole ƙafafunta su dace da soket. Wasu firosesocin suna zuwa da tasu a cikin kwali, wasu kuma ba sa zuwa da ita.

Na'urar rarraba wuta

Wannan na'ura, wadda masu gyara ke kira fawa-fak, ita ce ke sauya wutar bango zuwa irin wadda sassan ke buƙata. Idan ta lalace tana iya ƙona sauran kayan, saboda haka ba wurin yin tsimi ba ne.

Ana haɗa yawan wat ɗin da firosesa da katin hoto ke ja, a ƙara na sauran sassa, sannan a bar rara. Masu ƙera katin hoto kan faɗi mafi ƙarancin wat ɗin da suke ba da shawara. A kuma tabbatar tana da wayoyin da ake buƙata: mai baki 24 ta allo, da mai baki 8 ta firosesa, da irin wadda katin ke nema.

Tambarin 80 Plus, wanda aka fara amfani da shi a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da na'urar ta ja yana isa ga kwamfuta. Ma'aunin rashin ɓarnar wuta ne kawai, bai isa shaidar ƙarko ba.

A na'urorin da ake iya cire wayoyinsu, kada a yi amfani da wayar wani kamfani ko wani samfuri, ko da bakinta ya shiga, domin tsarin wayoyin ciki ya bambanta.

Kayan gwanjo

A Najeriya da maƙwabtanta, kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna da yawa a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, kuma suna rage kuɗi sosai. Sai dai akwai abubuwa uku na lura.

Na farko, yawancin kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni ke haɗawa suna da allo da na'urar wuta masu siffa ta musamman, waɗanda ba sa dacewa da akwatin ATX.

Na biyu, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar tsarin tsaro na TPM 2.0 da firosesar da ba ta gaza Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 ba, in ban da 'yan kaɗan. Wanda ya sayi abin da ya girmi haka, yana iya komawa wa manhaja irin Linux, wadda kyauta ce.

Na uku, wasu tsofaffin na'urorin wuta suna da ɗan maɓalli na zaɓen bolt 115 ko 230. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana ta rukunin 220 zuwa 240 ce, kuma jona na'urar da aka bari a kan 115 yana ƙona ta nan take.

Wuta, zafi da ƙura

Inda ake yawan ɗauke wuta ko take hawa da sauka, na'urar UPS tana ba da 'yan mintoci na adana aiki da kashe kwamfuta lami lafiya. Ƙarfinta na wat ya kamata ya zarce abin da kwamfutar da monita ke ja, kuma lambar VA da ake rubutawa a jikinta yawanci ta fi ainihin wat ɗinta yawa.

A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, akwati mai ragar shan iska a gaba da fankoki a gaba da baya ya fi mai rufaffen gilashi amfani. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe fankoki, don haka akwati mai matatar da ake cirewa a wanke yana da ranarsa.

Busasshiyar iskar hunturu tana kuma tara irin wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi, wadda ke iya lalata ƙananan sassa. Taɓa ƙarfen akwati kafin ɗaukar kowane sashe, da riƙe shi ta gefe, yana rage wannan haɗari.

Kafin a biya kuɗi

Akwai shafukan intanet irin su PCPartPicker da ke duba jerin kayan da mutum ya zaɓa, su yi gargaɗi idan akwai waɗanda ba su dace ba. Duk da haka, bayanan kamfanin da ya ƙera kayan su ne hujja ta ƙarshe.

Yana da kyau a rubuta cikakkiyar lambar kowane sashe a takarda kafin a je kasuwa, a duba allurai na soket ko na firosesa ko akwai wadda ta lanƙwashe, a nemi a gwada kayan gwanjo a gaban mai saye, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa.

Masu gyara da dama kan fara haɗa allo da firosesa da RAM da na'urar wuta a kan kwalin allon, su kunna su ga hoto ya fito, kafin su ɗaure komai a cikin akwati. Idan akwai sashen da ba shi da lafiya, a nan ake gane shi tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.