Kakaki da Algaita a Fadar Dutse

Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki, wato dogon ƙahon ƙarfe da ake busa wa sarki kaɗai, da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma Dutse, wadda ta daɗe ƙarƙashin Kano kafin ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ta gaji wannan al'ada. Ƙarfin busan yana cikin take, wato gajeren karin da aka keɓe wa basarake, wanda mai sauraro ke fassara shi da kirari ko da ba a furta kalma ba. Shi kuwa mai algaita yakan kumbura kumatu, yana shaƙar iska ta hanci don kada sautin ya yanke, har tsikar jikin mahaya ta tashi a hawan sallah a fadar Dutse da ke Garu.